Babban Yatsan Malam da Tunkiyar Turawa

Har yau ban samu amsar wannan ba: da Turawa sun karɓi yatsan Malam sun yi wani mutum da shi, da dariyarsa zai zo, ko da ciwon kawai? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce in yi istigfari. Na yi. Tambayar dai tana nan.

Malam mijina ne. Direban ma'aikatar gwamnati ne har ya yi ritaya, sannan ya koma kiwon tumaki a bayan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Rediyonsa kullum a rataye yake a jikin rumfar tumakin, kamar su ma suna bin labarai. Wata rana da hantsi ya shigo ina tankaɗe.

"Tsohuwa, ajiye rariyar nan ki ji. Turawa sun yi tunkiya ba rago."

"To da me?"

"Da hantsar wata tunkiya. Sun ɗan tsakuro abin da bai kai ƙwayar gero ba, suka raine shi, sai ga uwar sak ta sake fitowa."

Na ce, "To je ka gaya wa ragonka ya fara neman wani aikin."

Daga wannan rana tunkiyar nan ta zama 'yar gidanmu. In na ƙona tuwo, sai ya ce zai kai farcena Turai a yi masa wata da ta iya girki.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ya taka waya a wurin tumakin, bai ma ji ba. Ni na ga jini a takalminsa. Yana da ciwon suga, wanda ya gada: shi ya ɗauki mahaifinsa, shi ya ɗauki wansa. Raunin ya ƙi warkewa, babban yatsan ƙafarsa ta dama ya yi baƙi. Likita ya ce a yanke shi maza, in ba haka ba abin zai hau sama.

Malam ya ce, "Yatsu ashirin aka ba ni, da ashirin zan koma."

Aka gwada zuma, aka gwada garin magani. Babban ɗanmu yana ta zarya daga Unguwa Uku yana roƙo, uban yana canja zance zuwa tsadar dusa. Ni kuwa ni ke wanke ƙafar, ni na san warin da take yi.

Wata safiya ina naɗa masa tsumma na ce, "Malam, ka bari a yanke mana. Sai in aika wa Turawa su yi mini sabo, mai haƙora."

"Ashe ba kya jin rediyo. Sun ce tunkiyar nan a ido yarinya ce, amma jikinta shekarun uwarta yake ƙirgawa. Tsufan ma sun kwafo. Jariri za su kawo miki mai ciwon gwiwa, yana neman shayi ba suga. Ke za ki goya shi."

"Na goye shi."

"Da wane bayan? Irin gwamnatinmu ke nan. An cire kaki an sa babbar riga, mutumin ciki shi ne dai."

Na so in yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Na kasa ɗaure tsumman. Tun aurenmu bai taɓa ganin na yi kuka a gabansa ba in ba mutuwa aka yi ba. Sai ya ce, "To shi ke nan, a yanke. Amma ba Turai za shi ba, Tarauni za shi."

Haka aka yi. Abin da ya fita daga jikin Musulmi ba a yar da shi. Ɗanmu ya karɓo yatsan, ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya kai maƙabartar Tarauni ya binne. Da abokan Malam suka zo dubiya suna "Yaya jiki?", sai ya tsayar da su.

"Ba haka ake gaida wanda ya yi rashi ba."

Wani tsohon direba abokinsa ya gyara zama ya ce, "Yaya haƙuri, Malam?"

"Da godiya. Marigayin ya sha taka birki, bai taɓa kai ni rami ba."

Ina bayan labule ina dariya, ina goge ido da gefen zani. Na ɗauka mun tsira.

Amma an makara. Baƙin ya bayyana a idon sawu, zazzaɓi ya shiga. A lokacin ne likita ya sa aka auna jinin yaran, aka samu ciwon a jikin ƙaramar 'yarmu, wadda ta ɗauko goshinsa da taurin kansa. Na yi ta ɓoye masa, ita ce ta faɗa da bakinta. Ya kama hannunta ya ce, "Kin gani, tsohuwa? Ba sai Turawa ba. Ni ma na yi tawa, har da ciwon." Ya juya gare ta: "Ke dai duk abin da likita ya ce, ki yi tun ranar. Kada ki gaji wannan ma."

Tana bin dokar kuwa har yau, ƙafafunta lafiya lau.

Ranar da ya tafi an yi ruwa bayan azahar, garin ya yi sanyi. Ya yi sallar la'asar a kwance. Ina zaune a bakin gado ina tsince shinkafa, ban san ban kwana muke yi ba. Da na sani da na ajiye farantin. Ya ɗan motsa, ya dube ni ya ce:

"Tsohuwa, rufa mini ƙafar nan mai huɗu. Ita ce marainiya, ta fi jin sanyi."