Akwatin Sanyi Daga Karofane

Aikina binciken jini ne da tsoka. Furotin nake bi, wanda ke ba jini jansa yana kai iska sassan jiki, da ɗan'uwansa da ke zaune a cikin tsoka, wanda shi ya sa naman rago yake ja in an yanka. A garinmu, Karofane, ba wanda ya taɓa barina na kai ƙarshen wannan bayani. Lokotoro kawai suke ce mini, su miƙo hannu in duba musu ƙurji.

A jami'a kuwa wani abu daban ake dubawa. Ka yi bincike, ka rubuta, a buga, sannan ka zauna jiran masana na wasu ƙasashe su ambaci aikinka a cikin nasu. Duk wanda ya ambace ka, lambar da ke gefen sunanka a ordinata, wato kwamfuta, ta ɗan motsa. Tawa ta tsaya cak. Kullum da safe sai na buɗe na duba, kamar mai leƙa tukunyar da ba wuta a ƙarƙashinta. Abokan karatuna suna ta wuce ni, shugaban sashenmu ya fara yi mini irin gaisuwar da ake yi wa mara lafiya. Daga baya ya faɗa mini ɓaro-ɓaro: in ban fitar da aiki mai nauyi ba kafin zaman masu auna mu, ɗakin gwajin da nake ciki za a ba wani.

Aiki ɗaya na ɗora wa rai. Akwai manoma da yawa a wajenmu masu ɗauke da amosanin jini a ɓoye, ba sa ciwo, ba su ma sani ba. Ina so in auna yawan furotin ɗin tsoka da ke zuba cikin jininsu in sun yi aikin gona a tsakar rana. Ban ga wanda ya taɓa auna wannan a mutanen Adar ba, kuma na san in na yi, za a karanta.

Sai dai jini ba goro ba ne da za ka ce a san maka. Gidaje da yawa a unguwarmu kakanninsu anne ne, masu addinin gargajiya, kuma ko da yake kowa na salla yanzu, har gobe ba mai yar da farcensa ko gashinsa inda wani zai tsinta, balle jini. Na yi zarya har takalmina ya gaji. Na durƙusa gaban liman, na durƙusa gaban tsofaffi, na sha tambayoyin da ko a jarrabawa ba a yi mini ba. A ƙarshe babban cikinsu ya nuna ni da sandarsa.

“Mun yarda don ubanki, Allah shi jiƙan shi. Amma sau guda na. Kada ki komo ki ce ƙara.”

Na zaɓi sallar layya saboda 'yan ci-rani duk suna gida. Aka yi sa'a ruwa ya sauka, washegarin salla maza suka fita shuka suka bar mata da suya. Na zo da glasiya, akwatin nan mai riƙe sanyi, cike da ƙanƙarar da na ɗauko daga Madawa. Abin da nake aunawa ba ya jure zafi. In jinin ya ɗumama, ƙwayoyinsa su fashe, jan jini ya gauraye da na tsoka, shi ke nan an yi asara. Dole ya isa Madawa da sanyinsa, inda wata abokiyata da ke aiki a wani asibiti ta yi mini alkawarin firigo na sanyaya shi da injin tace jini.

Na yi wa kowa kashedi a gidanmu. Na faɗa wa ƙanena, na faɗa wa matarsa, na faɗa wa maƙwabta masu shigowa ɗibar wuta: kada wanda ya taɓa akwatin nan. Inna kaɗai ban faɗa wa ba, don ta ina zan fara? Ni ce 'yar farinta. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta dube ni ido da ido ba, kakata ce ta goye ni. In tana da magana da ni, ƙanena take faɗa wa ina tsaye a wurin, ko ta faɗa wa kajin tsakar gida. Ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba. Sai na koma birni na kwance kaya in tarar da kuka ko daddawa a ƙarƙashin zannuwana, ban san lokacin da aka sa ba, kuma ba a tayar da zancen daga baya. Saboda haka na yi yadda take yi. Na tsaya na fuskanci rumbu, na ce da ƙarfi akwatin nan na ajiye abin da ba a so ya lalace ne. Tana juya nama a tukunya, ba ta ɗago kai ba. Na ce a raina ta ji.

Kafin azahar muka gama ɗibar jinin, ni da majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garin, maza suna dawowa daga gona da zufa. Na jera kwalaben jinin a cikin ƙanƙara. Na kawo akwatin gida na tura shi ƙuryar ɗaki, na fita sallama. Ba yadda za a yi mutane su ba ka jininsu ka hau babur ba ka bi gida-gida ka yi godiya ba. Kowane zaure sai an zaunar da ni, sai na ɗanɗana naman gidan, sai an tambaye ni lafiyar mutanen birni ɗaya bayan ɗaya. Ina amsawa ina murmushi, ina jin ƙanƙarar tana narkewa kamar a tafin hannuna take.

Da na dawo, ƙanena ya riga ya ɗaure akwatin a bayan babur da roba. Inna tana bakin murhu, ta juya mana baya.

“A ce ma matahiya Allah shi kiyaye hanya,” ta ce wa tukunya.

Hanyar ba ta yi mana kirki ba. Ruwan da nake murna da shi ya cika wata ƙorama, muka tsaya jiran ya ja baya, rana tana dukan mu. Na jiƙa mayafina na lulluɓe akwatin. Da na dafa gefensa sai na ji ɗumi, gabana ya faɗi. Na ce rana ce. Na so in buɗe, na hana kaina, don duk buɗewa sanyi ne ke fita. Ƙanshin suya yana ta bina, amma a ranar nan wa ba ya ƙanshin suya? Ƙanena ma rigarsa duk maiƙo.

“Yaya, ki bar taɓa shi hakanan, ba ya gudu,” in ji shi.

“Ka ja bakinka ka duba ruwan nan ko ya rage.”

Muka shiga Madawa bayan la'asar. Ban tsaya gaisuwa ba, na ruga da akwatin ɗakin gwaji, abokiyata tana bina. Na ɓalle murfin.

Tururi ne ya fara bugun fuskata. Ƙanƙarar ba ta nan, sai 'yar guntuwa tana iyo a ƙasa. A tsakiya an kafa samira babba, an ɗaure ta da ƙyalle, cike da soyayyen nama, hanta da ƙoda da tsoka zalla, ko ƙashi ɗaya babu. Kwalabena suna kewaye da ita, an jera su tsaf, an cusa musu tsumma mai tsabta a tsakani don kada su fashe a hanya. Na ɗauki ɗaya. Ɗuminta kamar yanzu ta fito daga jikin mutum.

Abokiyata ta sa 'yan kaɗan a inji. Ruwan da ya kamata ya taso sama fari-fari ya fito ja. Ta sa wasu, haka. Muka gwada har ta ƙarshe, don na ƙi yarda. Na san a lokacin ɗakin gwajina ya tafi, kuma haka aka yi, kafin shekara ta zagayo an ba wani. Na kuma san ba zan iya komawa gaban tsohon nan mai sanda ba.

Na fito ina huci na sami ƙanena a gindin bishiyar bedi. Na zazzage masa, har masu jinya suna leƙowa. Ya yi tsuru-tsuru.

“Wallahi Yaya ban sani ba. Na dai ishe ƙanƙara cikin randa, nis sha ruwa mai sanyi, nic ce ke kinka bar muna.”

Ban gama neman abin da zan jefe shi da shi ba salularsa ta yi ƙara. Matarsa ce, ta ce Inna ke son magana. Ya buɗe muryar yadda zan ji. Inna ba ta taɓa tambayar abin da ta ɓoye mini a kaya ba, ko sau ɗaya. Ranar nan sai ga muryarta can ƙasa-ƙasa.

“Kun isa? Waccan ta ga abin?”

Ƙanena ya dube ni. Maganganu sun cika mini baki, masu zafi, na shekara da shekaru. Na haɗiye su.

“Ce mata an gani,” na ce. “An gode.”

Ya faɗa. Ta cikin salular ina jin kukan awaki a tsakar gidanmu. Sannan ta ce:

“To, a ce mata kada ta rabe ma mutane shi duka, kamar yadda ta saba. Ita nis soya mawa. Na ga duk ta rame, ko wuyan riga ba ta cikawa.”

Ta kashe. Na koma ciki na tarar abokiyata ta fara kwashe kwalaben tana zubawa a bokitin da ake ƙonawa. Na ɗauko samirar na zauna a kan benci a baranda, na kwance ƙyallen. Ina ci ina kuka, ƙanena yana tsaye ya rasa inda zai sa idonsa.