Kasken Halidu da Sunan Ɗiyar Fari

Duk Sabon Gida an san Halidu da irin albasa mai kyau, an kuma san shi da kunya. Shekara talatin da haihuwar Raihana, ɗiyarsa ta fari, sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba. "Ke waccan," haka yake kiranta. Ranar da ya kai ta lakwal, wato makarantar boko, malami ya tambayi sunanta, sai Halidu ya duƙa yana gyaran takalmi har wani maƙwabci ya faɗa.

Waccan ɗin ta yi karatu har ƙasar waje. Da ta ji ya sayi moto, wato babur, ta aiko masa da kaske, hular kwano, don ya kare kansa. Halidu ya juya hular, ya ƙwanƙwasa, ya ga ɓera ba zai iya huda ta ba. Sai ya cika ta da irin albasa, ya ɗaure bakin, ya rataye a ɗaki. Iri ya tsira. Shi kuwa, wata ranar kasuwar Madawa, jaki ya gitta masa yana bisa moton ɗauke da buhu uku, ya faɗi ta kai.

Kwana tara ya yi a asibiti. Raihana ta iso hankali tashe, tana tsoron kada ya kasa gane ta. Tana shigowa ya washe baki: "Raihana! Raihanata!"

Matarsa Jima ta dafe ƙirji. "Shi ke nan, kan ya taɓu."

Likita ya ce yakan faru, bugun kai na iya kwance wa mutum linzamin baki. Abin haushin, aikin Raihana ke nan. Tana cikin masu binciken wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake ɗora wa saƙon da jiki ke karantawa, su kai shi ga ƙwaƙwalwar da ta bugu.

"To ki ba ubanki mana!" in ji Jima.

"Inna, har yanzu ɓeraye muke gwada ma."

"Ɓera? Wanga da ka cinye muna hatsi shi anka hwara ma magani?"

Raihana ta ajiye zancen bincike gefe. Ta zauna jinya da kunu da haƙuri kamar kowa. Wata biyu yana kiran sunanta, da dalili ko babu. Tana roƙon Allah ya ba shi lafiya, amma gaskiya daɗin kiran take ji har cikin ranta, tana kuma jin kunyar daɗin.

Wata safiya ta kawo masa kunu. Ya dube ta, ya kau da kai, ya shiga laluben takalmi.

"Ke waccan," ya ce, "wa ya zubda mini iri daga hulata?"

Jima ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Raihana ta ajiye kwanon, ta zaga bayan rumbu, ta yi kukanta ita kaɗai.