Sandar da Ta Yi wa Baba Tsawo

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai mahaifina, Malam Hudu mai gyaran sanda, makwancinsa a Gwangwan ta Rogo. Allah ya jiƙansa. Na faɗa, kuma har zuciyata. Amma wanda ya buɗe wannan shafi yana jiran ya ji cewa mamacin ba shi da abokin faɗa, kullum fuskarsa a sake, gara ya juya gaba. An yi masa irin wannan yabon ranar sadakar uku, ina ji ta bayan katanga, kuma ban gane wanda ake nufi ba.

Shekara talatin Baba ya yi a filin wasan golf a Kano. Da ɗaukar wa Alhazai jaka ya fara, ya ƙare a rumfar gyara. Ga wanda bai san wasan ba, sandar doguwar mariƙa ce da kan ƙarfe a ƙasa, a lanƙwashe kamar ƙafa a jikin ƙwauri. Kan yana da tafi, da dunduniya, da baki. Idan an kai duka, so ake tafin ya shafi ƙasa a shimfiɗe. In lanƙwasar ta miƙe wa mai ita da yawa, dunduniya ce ke fara cin ƙasa, ƙwallo ta yi hagu. In ta kwanta da yawa, baki ne ke ci, ta yi dama. Shi ya sa sandar dogo ba ta yi wa gajere, ko da kuwa uwarsu ɗaya.

Baba ba ya awo da komai sai gawayi. Zai goga shi a tafin sandar, ya ajiye katako a ƙasa, ya ce wa mutum ya buga ƙwallo a kai sau ɗaya. Sai ya juyo da kan ya duba inda baƙin ya goge. In a tsakiya ne, lafiya. In ba haka ba, ya matse kan a ƙarfen matsewa irin na maƙera, ya tanƙwara shi kaɗan, abin da bai kai kaurin farce ba. Da bakinsa yake ba mu labarin abin da yake gaya wa Alhazai: "Ranka ya daɗe, hannunka lafiya lau. Sandar ce ba ta san ka ba." Mutum ya zo yana huci, ya tafi yana dariya.

Ko da ya bar aiki ya dawo ƙauye, idon bai mutu ba. Manoma daga Ruwan Bago, har daga Turawa ta Karaye, suna kawo masa garma su ce bayansu ke ciwo. Ya sa mutum ya ja kunya ɗaya, ya dubi gefen da ruwan garmar ya fi cinyewa, ya gyara zaman ƙota. Ba ya karɓar ko sisi. Waɗannan su ne masu yabon ranar sadaka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Inuwar giginya ce, na nesa ka sha. A waje ƙarfe yake tanƙwarawa ya dace da mutum. A gida mu yake tanƙwarawa.

Mu biyu ne a wajen Inna, ni da Yaya Sabi'u. Shi dogo ne kamar Baba, ni ko ƙirjinsa ban kai ba. Akwai wani fako bayan gonar gyaɗarmu, nan Baba ke koya masa duka bayan la'asar, ni kuma aikina tsintar ƙwallo. A jakar Baba akwai wata gajeriyar sanda da wata Hajiya ta yar. Da ita na fara satar bugawa. Kafin shekara ina iya sauke ƙwallo a gindin ɗorawar da ke ƙarshen fakon, sau bakwai cikin goma. Yaya Sabi'u sau uku, in ya tashi da sa'a. Ba cika baki nake ba, shi ma yana karanta jarida, ya ƙaryata ni.

Ina da shekara goma sha huɗu aka aiko cewa filin zai ɗauki yaro ɗaya daga gidan kowane tsohon ma'aikaci, mace ko namiji, a biya masa makaranta a Kano, a koya masa wasan. Wani mai horarwa ya zo har Gwangwan bayan an cire gyaɗa, don ya gwada mu. Na ɗauko gajeriyar sandata. Baba ya karɓe ta, ya girgiza, ya ce kanta na rawa, kada ya fita ya ji wa baƙo ciwo. Ya miƙo mini ta Yaya Sabi'u, wadda shi da kansa ya tanƙware wa dogon mutum.

Ƙwallo goma na buga. Goman nan hagu suka yi, cikin karan dawar maƙwabcinmu. Ina ƙara gyara tsayuwa, suna ƙara bauɗewa. Mai horarwar ya ce, "Malam, ko a duba mata sandar?" Baba ya yi dariya, ya ce, "Sanda ba ta laifi. Mai riƙe da ita ce bauɗaɗɗiya, tun tana zanen goyo haka take."

Sunan ya bi ni. Bauɗaɗɗiya a rijiya, Bauɗaɗɗiya a makaranta. Abin da ya fi sunan ciwo shi ne na yarda. Mutumin da ya gyara wa rabin Alhazan Kano hannu ya ce ni ce a karkace, wa zan tambaya kuma? Yaya Sabi'u ya tafi Kano, ya yi wata takwas, ya ce rana ta yi masa yawa. Yanzu hatsi yake aunawa a kasuwar Karaye, kuma ya fi jin daɗin hakan. Gurbin ya tafi a banza.

Sai da na kai ajin ƙarshe a sakandare, wata rana ina neman gawayin guga, idona ya faɗa kan jakar. Ban san abin da ya tunzura ni ba. Na ɗauko doguwar sandar Yaya Sabi'un nan, na goga mata gawayi, na ɗauki murfin tsohon akwati na tafi fako. Duka ɗaya. Na juyo da kan. Dunduniyar ta goge fes, sauran tafin baƙi ƙirin kamar ba a taɓa shi ba. Na sake, na sake, har sau biyar, don ni ba na son a ce na yi wa mutum ƙazafi. Na koma na girgiza gajeriyar. Kanta daram, ko motsi.

Na same shi a zaure yana sassaƙa ƙota. Ban gaishe shi ba, na ajiye kan sandar a gabansa. Ya duba, kallon da bai kai ƙiftawa biyu ba, ya ci gaba da aikinsa.

"Sai yau kika gani? Ni tun kafin ki buga ta farko na sani."

Na ce, "To me ya sa, Baba?"

Ya ce, "Gurbi ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kawo mini ruwa."

Na kawo masa ruwan. Wannan shi ne duk bayanin da na samu, har ya koma ga Allah.

Yau rumfar da ya yi aiki a cikinta ta canza. Akwai na'ura mai kyamara, mutum ya buga, ta rubuto masa komai a allo. Na san abin da Baba zai yi in ya gan ta: tsaki, sannan ya laluba aljihu ya ciro gawayi. Kuma sau da yawa shi zai riga ta. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce in ya leƙo ya ga wadda ke zaune a kan bencinsa. Mai horarwar nan bai manta da ni ba. Bayan rasuwar na je masa da akwatin kayan aikin Baba, ya gwada ni da gyaran sanda uku, ya ce in fara ranar Litinin. Wasan dai ya wuce ni, shekarun koyo sun tafi. Amma duk yarinyar da aka kawo aka ce hannunta ba kyau, ba na barin uban ya gama magana kafin in juya sandar in duba.

Saura nawa laifin, tunda ban zo nan don in wanke kaina ba. Shekara guda bayan maganar zaure, hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin hagunsa ya shanye. Da ya fara takawa, Yaya Sabi'u ya sayo masa sandar dogarawa, irin tsawon Baban da, ba na wanda ciwo ya ranƙwafar ba. Kallo ɗaya na yi na ga ta yi masa tsawo da yatsa biyu. Kafaɗarsa tana ɗagewa, gindin sandar yana cin ƙasa ta gefe guda, shi kuma yana tafiya yana bauɗewa har ya goga bango. Zarto yana cikin akwatinsa. Aikin bai kai a dafa shayi ba.

Wata safiya ya kira ni, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Rakiya, sandar nan ta yi mini tsawo." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Na ce, "Sanda ba ta laifi, Baba."

Ya dube ni, irin kallon da yake wa tafin ƙarfe, ya gyaɗa kai. Bai sake roƙo ba, bai kuma gaya wa kowa ba, ga shi da ɗa namiji da zai yanke masa ita a take. Wata biyar ya yi yana goga bango da ita, har ya rasu. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ba a ce wa take ƙonawa ba.

Duk shekara war haka Inna kan tambaye ni ko na yafe masa. Nakan ce mata na yafe, wasu shekarun ma da gaske nake. Ba ta san akwai wata tambayar ba, wadda mai amsa ta yana ƙarƙashin ƙasa. Me ya rage na Malam Hudu? Garemani a gonakin Gwangwan da har yanzu ba sa karya bayan masu su. Ido, wanda ya bar mini ba da son ransa ba. Da kuma harshe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na gaji duka biyun, kuma ban san yadda ake ajiye ɗaya a riƙe ɗaya ba.

Bana gwiwa ta fara damun Inna, ta ɗauko sandar dogarawar Baba daga bayan ƙofa. Ban bari ta yi taku uku ba na karɓe, na auna ta a jikinta, na ɗauko zarto. Ta ce, "Kin dai gado shi, ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale." Na ce mata haka ne. Guntun da na yanke yana cikin akwatin, kusa da gawayi. Yatsa biyu na farko a jikinsa na Baba ne.