Kayan Sallar Telolin Alhaji Mamuda

Wata rana, ranar ƙaramar Sallah ce ma, Alhaji Mamuda mai shagon ɗinki ya cika falonsa da baƙi. Ana cin tuwo, shi kuma yana ta zuba.

"Duk garin nan babu mai kyautata wa ma'aikata kamata. Kowace Sallah sai na raba wa telolina shadda. Mai tsada fa, irin wadda nake sawa!"

Da Alhaji Garzali yake, ɗaya daga cikin baƙin. Shi ma shagon ɗinki gare shi, kuma ya daɗe yana zawarcin Tasi'u, babban telan Mamuda. In Tasi'u ya tafi, rabin kwastomomi sun tafi.

Ga abin da Alhaji Mamuda bai faɗa ba.

Tun farkon azumi yake karɓar ɗinki, bai san kalmar a'a ba. Telolin na kan keke har aka tafi idi. Sun ɗinka wa gari kaf, tasu shaddar ko almakashi bai taɓa ta ba.

Sai ga sallama, telolin ne su uku.

Tasi'u ne a gaba, ya ɗaura shaddarsa a ƙugu kamar zai shiga wanka.

Rabe ya yafa tasa kamar mai niyyar Umara.

Ɗan'asabe kuwa rawani ya naɗa da tasa, a kan tsohuwar singileti, jelar na jan ƙasa.

Suka durƙusa a nutse. "Barka da Sallah, ranka ya daɗe."

Alhaji Mamuda ya daka tsawa.

"Kai Tasi'u! Wane irin shashanci ne wannan?"

"Kayan Sallar da ka ba mu ne muka sa, muka zo ka gani."

"To me ya hana ku ɗinkawa?"

"Wallahi telanmu ne aiki ya yi wa yawa, Alhaji. Maigidansa ba ya barin sa ya ɗaga kai."

Falo ya kaure da dariya. Wani dattijo har ya ƙware da zoɓo, ana bubbuga masa baya.

Alhaji Garzali ya share hawaye, ya zaro waya.

"Tasi'u, ni tun tsakiyar azumi nake rufe karɓar ɗinki. Karanto min lambarka."

Tasi'u ya juya. Maigidansa kawai ya kalla.

Alhaji Mamuda, loma a hannu, gumi a goshi, ya ce can ƙasa-ƙasa: "Satin nan ba aiki. Baɗi kuma naku za a fara yankawa."

Tasi'u ya gyara ɗaurin ƙugunsa.

"Alhaji, a ɗan ɗaga murya. Baƙi ba su ji ba."

Darasi: Kafin ka yi wa ma'aikacinka kyauta, duba ka ga me ya rasa. Wani ba kaya yake nema ba, sararin numfashi yake so. Kyautar da mutum ba zai iya mora ba, kanka ka yi wa.

Ka tura wa maigidanka. In kana tsoro, tura wa abokinsa, zai kai masa da kansa.