Maƙerin da Ya Shaƙe Wutarsa

Shekara arba'in maƙerin nan yana bakin wuta, kuma duk layin an san abin da ke ɓata masa rai: ya ga an jibga wa wuta gawayi ba a zuga ba. Sai ga shi bana guduma ta fara yi masa nauyi. Ya buga sau goma, ya nemi benci yana haki. Maganin da ya yanke wa kansa shi ne ƙarin ci: burodi biyu maimakon ɗaya, shayi baƙi ƙirin, sukari cokali huɗu. Ganye kuwa abincin awaki ne, in ji shi.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta kuma da wasa. Ta duba idonsa ta ga fari fat, ta kai shi aka gwada jini, ta raka shi maƙera ta ce kulle ta za ta yi. Ranar kam Baba ya tsorata, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba in babu guduma. Ya hau faɗa, wai ai abincin mutum biyu yake ci. Ita ko sai ta ɗauki kwandon gawayi ta kifa wa garwashinsa.

"Ke! Za ki kashe min wuta! Iska take so!"

"To, haka kake yi wa jikinka, Baba."

Ta fahimtar da shi cewa abinci gawayi ne, ba ya amfanar jiki sai ya haɗu da iskar oksijin da muke shaƙa. Jini ke rarraba iskar, shi kuwa nasa ya yi ƙasa saboda rashin sinadarin ƙarfe. Maƙeri guda, ƙarfe jibge har rufi, amma babu a jininsa! Matarsa da ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wata biyu makulli yana jakar 'yar. Shi kuwa sai wake, hanta, ganye, lemo da ƙwayoyin asibiti, shayi sai an jima da cin abinci don yana hana ƙarfen shiga jini. Yana ci yana tsaki.

Ranar da gwaji ya yi kyau, ta ajiye masa makullin gefen kwanon ganye. Ya kalle shi cike da ɗoki. Amma bai ɗauka ba sai da ya suɗe kwanon tas.