Malam Umara da Shanun Fanka

Kafin rana ta fito, Malam Umara ya riga ya isa gindin fanka. Haka mutanen Rijiyar Kawu, can arewa da Haɗeja ta hanyar Birniwa, suke kiran famfonsu na iska: doguwar hasumiyar ƙarfe mai fukafukai, wadda iska ke juyawa ta jawo ruwa daga rijiya zuwa kwamin shanu. Ba ya fara hawa. Sai ya manna kunne a ƙafar ƙarfen, ya lumshe ido, ya ji ko ta kwana lafiya. Sannan ya rataya ƙoƙon mai a wuya, ya yi bisimilla, ya kama matakala. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka.

Ni da kukan fankar nan na girma. Har yau idan gyangyaɗin rana ya ɗauke ni a Haɗeja, inda nake koyarwa, sai in ji ta, ƙiii-ƙaƙas, ƙiii-ƙaƙas, in ga inuwar fukafukanta tana bi ta kan fararen shanu a hankali, wata na korar wata, ruwa na zuba babu mai jan guga.

Umara lebura ne sa'ad da aka kafa ta, kafin 'yancin kai, aka bar masa tsaronta. Da yaƙin basasa ya zo, giris da fatar famfo suka daina zuwa daga ofis. Da wani ne, da ya kwanta ya jira albashi. Umara sai ya nufi Hajo, matar Arɗo Tukur, ya ce ta auna masa man shanu.

"Malam, ƙarfe ma yana cin man shanu?" in ji Hajo.

"Yana ci, Inna, kuma bai taɓa cewa ya yi tsami ba."

Fatar kuwa, baduku ya yanka masa daga ƙirgin sa. Haka fanka ta wuce shekarun nan tana ƙamshin kwanon tuwo.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Aka kawo mana injin dizal, aka yi kiɗa, aka yi jawabi. Muka shiga yi wa Umara dariya, ni ma a ciki, Allah ya yafe mini, don ni na sa masa suna mijin fanka. Da guguwar farkon damina ta karya mata fukafukai biyar, wani jami'in ruwa, Malam Shu'ibu, ya zo ya duba. Ya ce babu kasonta a ofis kuma, idan ya dawo bayan girbi bai tarar tana juyawa ba, za a yanke ta a sayar wa maƙera.

Kai ne, Malam Umara, ka ɗora karyayyen fiffike a ka, ka taka da ƙafa har ruga. Waɗanda suka gani sun ce ba ka roƙi kowa ba. Ka ajiye shi gaban Arɗo Tukur, ka zauna.

Arɗo ya daɗe yana shafa ƙarfen. Makiyayanmu suna da wata al'ada: idan garken mutum ya ƙare, ɗan'uwansa yakan ba shi aron saniya, ya sha nononta, ta haifa masa sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Arɗo ya ce, "Malam, wadda ta shayar da shanunmu shekara goma sha biyar ai 'yar'uwa ce. Yau ita ce garkenta ya ƙare." Ya sa aka kwanto wata saniya da maraƙinta. Ya ce ba Umara ya ara wa ba, fanka ya ara wa.

Maraƙin nan shi Yakubu maƙeri ya karɓa a Haɗeja, ya buga sababbin fukafukai, kuma abin dariya, daga duro-duron dizal ɗin da injin ya shanye ya yanko su. Man saniyar ya koma ƙoƙon Umara.

Ranar da Malam Shu'ibu ya dawo da masu zarto, ko ganye ba ya motsi. Injin ma mako uku yana shiru, motar mai ba ta zo ba, shanu sun kewaye busasshen kwami suna jira. Ina wurin. Shu'ibu ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ba ta juyawa."

Umara ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mata haƙuri zuwa la'asar. Idan balbelu suka taso daga fadama, iska tana bayansu."

Hajo ta dama wa baƙi fura. Muka zauna, rana tana sauka. Can sai ga balbelun daga kudu, farare fat, suna tahowa ƙasa-ƙasa a jere. Ba su gama wucewa ba gefen rawanin Arɗo ya motsa. Fanka ta juya fuska a hankali kamar wadda aka kira sunanta, ta yi ƙiii sau ɗaya, ta tsaya, sannan ta kama. Da ruwan farko da ya zubo Malam Shu'ibu ya yi alwalar la'asar, masu zarto suka bi sahu a bayansa. Ba a sake maganar yanka ba.

Saniyar ta cika haihuwarta, Umara ya kora ta da kansa ya mayar wa Arɗo, kamar yadda al'ada ta ce. Wasu rugagen ma sun ara mata nasu. Yau fanka tana da shanu bakwai, masu ba ta mai da fata da abin sallamar maƙeri. Shi kuwa mai tsaronta ko akuya ba shi da ita, kuma Hajo ta shaida bai taɓa lasar man nan a miyarsa ba.

Bana gwiwarsa ta ƙi. Yana zuwa da asuba, yana manna kunne, amma hawa ya gagara. Na ce bari in gwada, mai dariyar jiya. A matakala ta tara tsoro ya kama ni, na sauko ina salati, shi kuma ya kau da kai don kada in ji kunya.

Mun gode, Malam Umara, mai kunnen iska. Allah ya shayar da kai yadda ka shayar da mu. Ku kuma masu karatu, idan akwai irin wannan fanka a garinku tana tsatsa, ku duba abin da ke hannunku ku ara mata. Tamu ta sami shanu, ta sami mai, ta sami fata. Ƙafa take nema. Jiya na tarar da shi a gindinta, ƙoƙon yana kan cinyarsa cike da mai, ya ce mini, "Ɗana, tun shekaranjiya take kirana, ka ji?"