Kitsen Layyar da Aka Jefa wa Duna

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Masu tambaya ko lafiya, ni lafiyata ƙalau, karena ne ya sha jinya. Wanda zai yi dariya ya yi, na riga na saba.

Sunansa Duna. Tun da aka dawo mulkin farar hula, duk kakar zaɓe sai 'yan daba sun fasa mini ɗakin ajiyar fatu a Jakara. Da na ɗaure shi a soron wurin, ba wanda ya ƙara taɓa ƙofar.

Da amai ciwon nasa ya fara. Sai zawo mai maiƙo, sai rama, har kana ƙirga haƙarƙarinsa.

Duk mai adaidaita da na tsayar, da ya ga kare sai ya ja abinsa. A baro na tura shi har asibitin dabbobi, ana yi mini ihu a lunguna.

Aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki, aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ta ce wata gaɓa ce a bayan tumbi, fankiriyas, ta kumbura. Ta ce, "Malam, wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ko ɗigon mai kada ya shiga bakinsa."

Kuɗin bai yi mini daɗi ba, amma na biya.

Na koma dafa masa shinkafa da tsokar kaza ba fata, kaɗan-kaɗan. Ya fara tashi. Wata rana ya lashe ragowar miya, muka koma asibiti. Ya sake tashi.

Yayana Alhaji Sule ya same ni ina juya tukunya. Ya ce, "Kai Bala, ɗan malamai guda kana yi wa najasa girki? Ka zubar mana da mutunci a Gwale."

Na gaya masa abin da likita ta ce game da mai. Ashe makami na miƙa masa.

Washegarin Babbar Sallah na tarar da Duna kwance cikin amansa, jikinsa na rawa, ga guntun kitsen rago a gefe. Yaya bai ma ɓoye ba. Ya ce, "Layya na raba, har da shi. In ya mutu ka huta, mu ma mu huta."

Wallahi ban taɓa jin tsanar ɗan'uwana ba sai ranar. Na yi kuka ina tura baro, ban damu da masu kallo ba.

Likita ta ce, "Ban yi maka alƙawari ba." Ya yi kwanaki ko ruwa ba ya riƙewa, kafin ya ɗaga kai ya lashi hannuna.

Yanzu yana ci, ya yi ƙiba, haushinsa ya dawo. Alhamdu lillahi. Na gode wa likitar nan da ba ta taɓa yatsine fuska ba.

Mai dabba irin wannan, ka riƙe abinci ɗaya, kada ka canza don ka ga sauƙi. In amai ya dawo, kada ka jira gobe. Lokacin layya ka kulle ƙofa, kuma ka san wanda kake gaya wa abin da ke kashe dabbarka.

Ni da Yaya gaisuwa kawai ta rage. Shi kuwa Duna, har yau in ya hango shi sai ya miƙe yana kaɗa wutsiya, yana jiran a ƙara masa.